Ɓarawon Tsofaffin Takalma

Tun da ake sata a duniya ba a taɓa jin irin wadda aka yi a kamfanin takalman roba na bayan tasha ba. Ga sito cike da sababbin takalma kwali kan kwali, ga kwamfuta a ofis, ga babur ɗin kamfani a jingine, ɓarawo ya tsallake su duka ya je ya kwashe buhu huɗu na tsofaffin takalma, irin waɗanda ko kyauta aka ba mutum sai ya toshe hanci kafin ya karɓa.

Washegarin ranar hutu aka ga abin. Ma'aikata sun zo da safe suka tarar da ƙofar ƙaramin ɗakin da ke gefen sito a wangale, kwaɗo yashe a ƙasa an yanka shi da zarto, ɗakin kuma an share shi tas. Kafin ƙarfe tara kowa ya zama alƙali. Masu ɗinkin maɗauri suka ce mai amalanken nan ne da ke sayen tarkace a ƙofar baya. Masu zuba kaya a kwali suka ce mai gadi ne ya yi barci. Amma maganar da ta fi tafiya, wadda ake yi ƙasa-ƙasa ana satar kallon wata matashiya mai tabarau, ita ce wai buhunan nan ba su taɓa cika ba tun farko.

Matashiyar ita ce Auta, mai tattara wa kamfanin bayanai. Da ta ga idanu sun yi mata yawa sai ta koma gefe ta kira babanta.

Babanta mai bin sawu ne, ko kuwa a ce ya taɓa zama. A zamaninsa in saniya ta ɓace ko an fasa shago shi ake ɗaukowa, ya durƙusa ya dubi ƙasa ya ce mutum biyu ne, ɗaya yana ɗingishi, sun yi gabas. Yanzu shekara shida ke nan ba wanda ya neme shi, kowa ya kafa kyamara a ƙofarsa. Yana zaune yana watsa wa kaji tsaba wayar ta yi ƙara.

"Baba, an yi sata a wurin aikinmu, kuma ni ake zargi."

"Me aka sata?"

"Tsofaffin takalma."

"Auta, da ni kike wasa?"

Da ya ji muryarta ta karye sai ya miƙe zumbur, kwanon tsabar ya kife, kaji suka ci banza. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma a faɗi gaskiya, a ƙarƙashin ɓacin ran akwai wani daɗi da ya daɗe bai ji ba. Ya zari sandarsa, ya buga tsohon babur ɗinsa sau biyar kafin ya tashi, ya yi gaba matarsa tana bin sa da hula.

*

A ofis ya tarar da Hajiya, mai kamfanin, wadda ta gaje shi daga mahaifinta. A gefenta ga Manaja, mutum mai yawan turare da yawan duba agogo. Bayan gaisuwa Mai Sawu ya ce da 'yarsa ta yi masa bayani tun daga tushe, kamar wanda bai san komai ba, don kuwa bai sani ba ɗin.

"Roba iri biyu muke yi, Baba. Akwai tsohon haɗi mai nauyi, akwai sabon haɗi mara nauyi da aka fara bara. Yau da ƙarfe huɗu Hajiya za ta sa hannu a sayo sinadarin sabon na shekara uku, a daina tsohon gaba ɗaya."

"Saboda shi ake saye," in ji Manaja. "Duk takalmi uku da suka fita daga nan, biyu sabon haɗi ne. Ba sai na shinshina tsumma zan san wannan ba."

"Wannan ya gaya maka abin da mutum ya saya ne, ranka ya daɗe, bai gaya maka ko zai dawo ba." Ta juya wajen babanta. "Shi ne na ce duk wanda ya kawo tsohon takalminmu a yi masa rangwame a sabo. Kowanne na ɗaura masa kati, na rubuta sana'ar mai shi, da wata nawa ya yi a ƙafa, da inda ya lalace. Wata biyar ina yi, na tara na mutum ɗari huɗu. Na shigar da komai a kwamfuta, yau zan baje takalman Hajiya ta gani da idonta."

Manaja ya yi dariya ta gefen baki. "Kwamfuta abin da aka rubuta mata take faɗa. Wa ya ƙirga takalman nan ban da ita? Ta cika kamfani da maganar wai sabon haɗi yana tsagewa, ranar da za a gani kuma sai ga ɓarawo. Ɓarawon da ya bar sabo ya ɗauki tsumma!"

"Ni ban ce yana tsagewa kawai ba, abin da na gano shi ne..."

"Riƙe abinki," in ji Mai Sawu, ya ɗaga mata hannu. "In na san abin da ake so in gani, shi zan gani."

Hajiya ta yi ajiyar zuciya. "Baba, ban ce 'yarka ta yi ƙarya ba. Amma ba zan juya kamfanin mahaifina a kan lambobin da ba su da shaida ba. In takalman ba su fito kafin huɗu ba zan sa hannu. Ita kuma, ba zan iya riƙe mai tattara bayanan da ba a yarda da bayananta ba."

Ya fahimci maganar sarai, don sana'arsa ma haka take. Wanda aka sallama a kan ƙarya, ba a nan kaɗai aka sallame shi ba, duk inda ya je labarin ya riga shi. Ya dubi agogon bango, goma ta wuce da kwata.

*

Yana fita tsakar kamfani ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara, ya zuba wa ƙasa ido. Sai aka ji ya fashe da dariya.

"Kai, jama'a! Mutum nawa ke aiki a nan?"

"Sittin da biyu, Baba."

"Mutum sittin da biyu, sawu ɗaya!"

Haka ne kuwa. Kamfani yana ba kowane ma'aikaci takalmi, duk zanen ƙasansu iri ɗaya, ga su nan dubbai sun hau kan juna. Wani da wannan ya karya masa gwiwa, shi kuwa sai ya ji jininsa ya motsa kamar yana ɗan shekara talatin. Ya naɗe hannun riga ya shiga ɗakin da aka yi satar.

Ba komai a ciki sai alamar tsintsiya, da wasu tsofaffin tabo a siminti, shuɗi da ja, da suka riga suka zama jikin daɓen. Ya taɓa su da sanda.

"Da can ɗakin ajiyar launi ne, kafin in zo," in ji Auta.

Ya ɗauki kwaɗon ya juya shi a hasken rana. Ya shafa jikin ƙofa, ya kwanta rub da ciki ya busa ƙurar dokin ƙofa, ma'aikata sun yi masa zobe suna tura juna. Ya tashi yana kakkaɓe riga.

"Ba a jikin ƙofar nan aka yanka shi ba. Zarto ba ya cin ƙarfe bai zubar da gari ba, kuma ba ya wucewa bai karci katako ba. Ga ƙofa lafiya lau, ga ƙasa ba gari. Dubi nan, haƙoran abin da aka matse shi da shi ne. Da makulli aka buɗe, aka kai shi wani wuri aka yanka a natse, aka dawo aka yar. Makulli nawa ne?"

Manaja ne ya amsa, da jin daɗi. "Biyu. Nawa da nata."

Auta ta matso, idonta ya kawo ruwa. "Baba, ka ƙara ɗaure ni," ta ce a hankali.

"Abin da ƙasa ta faɗa shi nake faɗa, Auta. Ranar da na rage mata magana saboda ke, ranar ba wanda zai yarda da ni in na wanke ki." Ya faɗi haka da ƙarfin hali, ya ajiye kwaɗon.

*

Hayaniya ta tashi a ƙofar baya. Samarin sito sun cafke mai amalanke, wani ya riƙe masa kwala, shi kuwa yana ta rantse-rantse.

"Baba, ka yi min shaida! Ni ƙarfe nake saye. Tsohon takalmi me zan yi da shi, miya?"

Mai Sawu ya bi sawun tayar amalanken da ido daga bakin ƙofa har kwana. Ya tsuguna ya auna zurfinsa da ɗan yatsa, shiga da fita.

"Ku sake shi. Yadda ta zo haka ta koma, ba a ɗora mata ko ƙwarya ba. Kuma ga hanyar tururuwa ta ratsa kan sawun ta yi faɗi, wannan aikin kwana uku ne. Bawan Allah, yaushe rabonka da nan?"

"Kwana uku, wallahi!"

Aka saki mutum, ya gyara kwala yana hararar samarin. Ma'aikata suka fara kallon tsohon nan da wani ido, shi kuwa ya yi kamar bai lura ba, alhali har wani ɗaga kafaɗa yake.

Mai gadi yana ƙofar gaba, a kan benci, ya haɗa rai tun kafin a tambaye shi.

"Ni ban yi barci ba. Duk wanda ya ce na yi barci ya zo ya faɗa a gabana."

"Ba wanda ya ce. Jiya wa ya shigo?"

"Ba kowa. Sai Kawu, shi kuwa ba a ƙirga shi, duk ranar hutu yana zuwa ya sa wa injuna mai ya tayar da su ya ji lafiyarsu. Shi ke haɗa roba tun zamanin marigayi, baban Hajiya." Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Sai kuma Manaja. Ya shigo da mota wajen azahar wai ɗaukar takarda, ya kai rabin awa. Kuma ka san masu kawo sinadarin nan? Wakilinsu surukinsa ne."

Biri ya yi kama da mutum! Ga makulli, ga mota, ga suruki. Mai Sawu bai san lokacin da ya fara sauri ba, har Auta tana gudu-gudu kafin ta cim masa.

*

Motar tana ƙarƙashin wata bishiya, inda Manaja ke ajiye ta kullum. Mai Sawu ya zagaya ta sau biyu, ya sa aka kira mai ita ya buɗe bayanta. Manaja ya zo yana huci, ya buɗe da ƙarfi.

Tsohuwar taya ce a ciki da jarka, ƙura ta kwanta a kansu lumui, ba abin da ya taɓa ta tun makonni. Kujerun baya kuwa fes, sai ƙamshin turare. Mai Sawu ya tambayi girman buhunan, Auta ta nuna ƙirjinta. Irin wannan buhu ko ɗaya ba zai shiga nan ba sai an cire ƙofa, kuma takalmin mutum ɗari huɗu ba ya wucewa ta mota bai bar warinsa ba. Ya duba sawun tayar jiya ya gwada da na yau, zurfinsu ɗaya.

"Ka gama?" in ji Manaja. "Ko in cire maka inji ka leƙa?"

"Na gama. Ka yi haƙuri, ba kai ba ne."

Ya ji zafin faɗin haka, don ya so a ce shi ne, ya so ƙwarai. Ya zauna a gindin bishiyar, rana ta take, biyu ta gota. Auta ta kawo masa ruwa, ta zauna gefensa. Ya ɗauki tsinke ya ja layi a ƙasa.

"Ba su fita ta baya ba." Ya ja wani. "Ba su fita ta gaba ba. Katanga kuma ga kwalba a kanta." Ya tsaya, ya yar da tsinken. "Auta! Abin da bai fita ba ai yana ciki. A gidan nan, ina takalmi ke shiga ya daina zama takalmi?"

Ta zaro ido. "Injin niƙa!"

*

Ɗakin niƙa yana can ƙarshen kamfani. A nan ake zuba yankakkun gefen roba a inji ya mayar da su tsaki, a sake narkawa. Kawu yana ciki, dattijo siriri mai hannuwa kamar an rina su, yana goge injin da tsumma. Ya tarbe su da mutunci, ya ba Mai Sawu kujera, ya ce da Auta, "Sannu 'yata, Allah ya bayyana gaskiya." Idanunsa kuwa jajur, kuma bai dube ta ba.

A jikin bango ga tarin tsakin roba guda uku, baƙi, shuɗi da ruwan ƙasa, kowanne a wurinsa, ko ƙwaya ɗaya ba ta ratsa cikin 'yar'uwarta ba. Mai Sawu ya damƙi baƙin ya murza a tafin hannu, ya ji yashi. Ya kai hanci. Ya tsince wani abu ɗan mitsitsi ya ɗaga a haske, tsinin ƙaya ce a nutse cikin roba. Gefen robar da aka yanko daga sabon takalmi bai taɓa taka ƙaya ba.

Ya sake duban tarin nan uku, ya daɗe yana dubansu, sannan ya zubar da na hannunsa a inda ya ɗebo.

"Auta, je ki ce da Hajiya ina son kowa a nan. Ki samo min kwando, ki bi ma'aikata kowa ya ciro takalminsa ƙafa ɗaya, kowane launi."

"Takalmansu kuma, Baba?"

"Yi sauri, uku ta yi!"

*

Ɗaki ya cika, wasu a taga, rabin kamfani na tsaye da ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a ƙasa. Hajiya ta zo, Manaja yana bayanta da takardun yarjejeniya a hammata, ya ce baƙi masu kawo sinadarin suna hanya.

Mai Sawu ya zuba wa Hajiya tsakin a hannu, ya nuna mata yashin da ƙayar. "Ranki ya daɗe, ga takalman da aka ce ba su taɓa wanzuwa ba. Jiya aka niƙa su a nan."

Ɗaki ya ɗauki salati. Manaja bai bari ya lafa ba. "To sai me? Inji maɓalli ɗaya ne, kowa ya iya dannawa. Mai makulli ta kwaso, ta niƙe, ta huta."

"Ka yi gaskiya. To taimaka min, ni baƙauye ne." Ya tura masa kwandon da ƙafa. "A ce kai ne, kana sauri, kana tsoron a gan ka. Nuna min yadda za ka yi."

Manaja ya yi tsaki, ya miƙa wa wani takardun, ya danna maɓalli, inji ya ɗauki ruri. Ya ɗaga kwando gaba ɗaya ya nufi bakin injin zai juye.

"Kai! Kai! Za ka kashe min wuƙaƙe!"

Kawu ne. Ba wanda ya taɓa ganin ya yi irin wannan tsalle. Ya fizge kwandon, ya kashe inji, ya tsuguna yana faɗa. "Da ƙarfen maɗauri za ka zuba? Baƙi da shuɗi tare? Ai toka-toka zai fito, wa zai saya? Marigayi sai da ya buge min hannu a kan haka, shekara talatin da biyar ke nan!" Yana magana hannuwansa suna aiki su kaɗai, baƙi dama, shuɗi hagu, ruwan ƙasa tsakiya, 'yar wuƙarsa tana fincike ƙarafa. Ya miƙa hannu bisa wata kanta ba tare da ya duba ba, ya jawo babban gwangwanin da yake tara ƙarafan a ciki, ya buɗe murfin.

Katuna ne suka zubo, farare, kowanne da guntun zarensa, da rubutun Auta a jiki. Suka bazu har ƙafar Hajiya.

Hannun Kawu ya tsaya a sama.

"Ga tari uku can," in ji Mai Sawu a hankali. "Ɓarawo mai sauri ba ya tsayawa raba launi, ba ya cire kati ɗaya bayan ɗaya don kada takarda ta ɓata haɗi. Manaja juyewa zai yi, kun gani. 'Yata ma juyewa za ta yi. Mutum ɗaya ne a gidan nan da hannunsa ba zai yarda ya cakuɗa ba, ko da ransa ya so. Kuma ɗakin can da na ajiyar launi ne. Wa ke riƙe da makullinsa a lokacin?"

Hajiya ta dafe ƙirji. "Kawu?"

Dattijon ya zauna daɓas a ƙasa. Ya laluba aljihu ya ciro wani tsohon makulli ya ajiye a gabanta.

"Sabon haɗin nan nawa ne, Hajiya. Shekara biyu ina gwadawa ina zubarwa. Shi kaɗai ne abin da na ƙirƙira da kaina, sauran duk na babanki ne. Sai na leƙa ɗakin can na ga ana dawo da shi a tsage, a tsage, za a baje a gaban yaran da na koya wa aiki. Na kasa." Ya share fuska da tsumman inji. "Ban yi zaton a kanta abin zai faɗa ba. Da na ji da safe, bakina ya yi nauyi."

"Tsohon haɗi kaɗai na gani a tarin nan, mai nauyi," in ji Mai Sawu. "Ina naka?"

"Ba ya niƙuwa da zafi, narkewa yake ya manne wa wuƙa." Ya nuna durom biyu a lungu. "Na ce in riƙa fitar da shi kaɗan-kaɗan."

Samari suka kifar da durom, takalma suka zubo, warin ya tashi, ɗaki ya kaure da ihu da tafi kamar an ci ƙwallo. Mai gadi yana ta faɗin, "Na ce ban yi barci ba!" ba mai sauraronsa.

*

Auta ba ta yi tafi ba. Ta durƙusa ta tattara katunanta, ta share teburin Kawu, ta shiga jera su kashi-kashi. Saura minti ashirin ƙarfe huɗu ta cika.

"Hajiya, ga na sabon haɗi, mutum ɗari da hamsin. Kowane kati da lambarsa, lambar tana ƙasan takalmin, a duba. Sittin sun tsage. Kawu, zo ka karanta min sana'ar waɗannan."

Ya taso da ƙyar, ya ɗauki na sama. "Mai babur." Ya ɗauki na biyu. "Makanike. Mai babur. Mai sayar da mai. Direba. Mai babur..."

"Duk haka suke, ban da huɗu. Mai da zafin inji ne ke cin sa. Yanzu karanta waɗannan casa'in ɗin."

"'Yar makaranta, wata tara. Malami, wata takwas. Tela. Mai shago. Uwar gida, wata goma." Ya matso da katin kusa da ido. "Ta ce... ta ce a ba ta irinsa."

"Kusan dukansu irinsa suka sake ɗauka. Abin da zan faɗa yau ke nan: kada a daina tsohon, a bar wa masu aikin mai da inji. Naka kuma a ƙara shi, a yi na yara da na mata. A sayi rabin sinadarin, na shekara ɗaya, kai kuma a ba ka lokaci ka gyara shi ya jure mai." Ta cire tabarau ta goge ido. "Tsagaggun kaɗai ka gani ranar da ka leƙa, Kawu, don su na sa a saman buhu. Da ka tambaye ni."

Kawu ya tsaya da katin uwar gidan nan a hannu, hawaye suna bin gemunsa. Ya juya ga taron, ya ɗaga murya yadda na taga za su ji. "Yarinyar nan ba ta yi ƙarya ba. Ni na cuce ta. 'Yata, ki yafe min."

Hajiya ta karɓi takardun daga hannun mai riƙe da su, ta miƙa wa Auta. "In baƙi sun zo ke za ki zauna kusa da ni, ki faɗa musu abin da muke so. Manaja, ina jin akwai maganar da za ka yi mata." Manaja ya yi, gajeriya ce, amma ya yi. "Kawu, ni da kai sai gobe, yau ba zan iya ba."

*

Mai Sawu ya sulale ya nufi babur ɗinsa, yana jin kansa sakayau kamar an sauke masa dutse. Bai kai ba ya ji muryarta.

"Baba, tsaya. Tun safe nake ganin sawunka, ƙafar dama tana jan ƙasa. Ɗaga in gani."

"Ke, baƙi suna jiran ki."

"Ɗaga."

Ya ɗaga. Takalmin da ta kawo masa ne watannin baya, sabon haɗi, ya tsage daidai inda yake buga babur, an ɗaure shi da 'yar waya. Ya ɓoye mata ne don kada ta ji kunyar kayan kamfaninsu. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta cire takalmin daga ƙafarsa, ta zaro sabon kati da biro daga jaka.

"Wata nawa?"

"Huɗu."

"Sana'a?"

Shekara shida ke nan in an yi masa wannan tambaya sai ya ce ai shi yanzu sai kiwon kaji. Ya dubi tsakar kamfanin, ga ma'aikata suna ta neman warin takalmansu a kwando, wasu suna nuna shi da yatsa.

"Mai bin sawu," ya ce. "Rubuta da kyau, yadda za a iya karantawa."

Ta rubuta, ta ɗaura katin a maɗauri, ta ruga ofis da takalmin a hannu, ta bar shi tsaye da ƙafa ɗaya a ƙasa.